Zuwa ga fastocinmu da dattawan ikkilisiya: a daina yi wa kishi kuɗin goro

Iyayenmu fastoci, masu bishara da dattawan ikkilisiyoyinmu na nan Arewa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya aikin Ubangiji, ya iyali, ya kuma haƙuri da mu? Allah ya ƙara muku ƙarfi da lafiya.

Ni 'yar Zumuntar Mata ce, na daɗe a cikinta har furfura ta fara leƙowa ta ƙasan ɗankwali, kuma tunda irinmu ba ma zama a mitin ɗin dattawa na ce bari in rubuta in ajiye a inda kowa zai gani. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Maganar kishi ce ta kawo ni. A wa'azi kun yi wa kishi kuɗin goro, kullum kishi zunubi ne, kishi aikin jiki ne, amma in aka zo wajen sasanta mutane sai in ga ashe kuna bambantawa, sai dai bambancin a juye yake, kishin da Littafi Mai Tsarki ya yarda da shi shi kuke tsawata wa, wanda ya la'anta kuma shi kuke lallaɓawa ku sa masa suna mai daɗi, wani lokacin ma ku ce kishin gidan Allah ne.

Tun muna makarantar Lahadi muka haddace Dokoki Goma, kuma a cikinsu Allah da bakinsa ya ce shi Allah ne mai kishi, yana nan a Fitowa 20:5. A sura ta 34, bayan Isra'ilawa sun cire 'yan kunnensu Haruna ya narka ya yi musu ɗan maraƙin zinariya, Musa ya farfasa allunan ya sake hawa dutsen, Allah ya maimaita har ya ce sunansa ma Mai Kishi ne. To in kowane kishi zunubi ne ya za mu yi da ayoyin nan? Allah dai ba hassadar gunki yake yi ba, me gunki yake da shi da Allah zai yi ƙyashi, abun da ko ƙuda ba ya iya korewa daga fuskarsa. Alkawari ne tsakaninsa da mutanen nan, shi ya fito da su daga Masar, ya ce zai zama Allahnsu su zama jama'arsa, kuma ya san inda bin gumaka yake kaiwa, dan daga baya har 'ya'yansu suka riƙa ƙonawa a wuta saboda Ba'al, Irmiya ya faɗa. Abun da yake kishi nasa ne da gaskiya ba na ƙwace ba, sannan in kishin ya yi nasara su mutanen ne suke tsira, shi ba abun da ya ƙaru da shi. Ku duba ma yadda yake yi in an ci amanarsa, ya ce wa annabi Yusha'u ya je ya dawo da matarsa da ta bi wasu maza, Yusha'u ya je ya fanso ta da azurfa 15 da sha'ir, Allah ya ce haka shi ma zai janyo Isra'ila jeji ya yi mata magana mai taushi. Akwai fushi a littafin nan sosai, amma inda fushin ya nufa shi ne a maido ta gida.

Yanzu ku zo mu shiga ofishin fasto bayan an tashi sujada. Na raka wata 'yar'uwa, yarinya ce ƙarama da goyo a baya, ta ga saƙonni a wayar mijinta tsakaninsa da wata, ba saƙon gaisuwa ba, har da shaidar kuɗin hayar ɗaki da ya tura mata alhali su a gida kuɗin makarantar babban yaron ba a biya ba. Ta yi magana ya ce ba ta da hankali, ta gaya wa iyayensa suka ce ta yi haƙuri, sai ta kawo wa coci. Dattawa suna zaune a benci, shi mijin yana gefe ya harɗe ƙafa yana juya makullin babur a yatsa, ita tana durƙushe a ƙasa tana jijjiga yaron tana magana muryarta na rawa. Tambayar farko da aka yi mata ita ce, me ya kai ki taɓa wayarsa? Ta biyu, kina yi masa kwalliya kuwa in ya dawo? Daga nan wani dattijo ya buɗe Galatiyawa 5 ya karanto mata ayyukan jiki, da ya zo kan kishi ya ɗago kai ya dube ta ta saman tabarau, ya manta ko ya yi kamar ya manta cewa jerin nan da fasikanci ya fara, kuma mai fasikancin ga shi nan zaune kusa da shi. Aka ce ta ba shi haƙuri, ta ba shi. Shi kuma aka ce masa ɗanmu a riƙa kula, mata sai da lallashi, ka san kishi kumallon mata ne, aka yi dariya aka rufe da addu'a. Da ranar jibin Ubangiji ta zo ya miƙa hannu ya karɓa abunsa, ita ce ta zauna a baya ba ta ci ba wai zuciyarta ba ta da tsabta.

Baba Fasto, tsakani da Allah wa ya yi zunubi a ɗakin nan? Yarinyar nan ba zanen wata ta gani ta yi ƙyashi ba, ba mijin wata take so ba. Nata take nema, wanda ku da kanku kuka ɗaura a gaban bagade, kuka sa shi ya maimaita cewa zai rabu da sauran duka ya manne mata har mutuwa, kuka sa hannu a satifiket. Mu fa ba a ɗaura mana aure da sharaɗin za a iya ƙaro wata ba, maƙwabtanmu Musulmi tsarinsu daban ne kuma matansu sun san da haka tun ranar ɗaurin aure, mu kuwa ɗaya da ɗaya aka ce mana. Bulus a 1 Korantiyawa 7:4 bai tsaya kan miji yana da iko da jikin matarsa ba, ya ci gaba ya ce matar ma tana da iko da jikin mijinta, amma wannan ƙarashen ayar ban cika jin ana wa'azinsa ba. Annabi Malakai kuma ya gaya wa mazan zamaninsa dalilin da Allah ya daina karɓar hadayarsu ko da sun jiƙa bagade da hawaye, ya ce saboda Ubangiji shaida ne tsakaninka da matar ƙuruciyarka da ka ci amanarta. In Allah ya tsaya mata shaida, ku me ya sa kuka durƙusar da ita?

Ba yau aka fara ba. Hannatu ta je Shilo da baƙin cikin da kishiyarta Feninna take cusa mata kowace shekara, mijinta Elkana duk ƙaunar da yake mata abun da ya iya cewa shi ne ai ni na fi miki 'ya'ya 10, firist Eli kuma ya hango bakinta yana motsi ya yanke hukunci cewa a buge take. Amma Eli da ta yi masa bayani ya saurara, ya sauya magana ya sa mata albarka ta tafi da salama. Ko wannan kaɗai kuka yi mana mun gode.

Ba wai duk abun da mace ta yi da sunan kishi daidai ba ne. Muna jin labarin tafasasshen ruwa da ruwan batir, mun san masu zuwa wajen boka da daddare Lahadi su ɗaura zanen Zumunta, da masu kai hoton wata mata gidan addu'a a yi azumi ta mutu. Wannan kishin ya riga ya ruɓe, ya tashi daga neman gyaran aure ya koma neman jini, ku tsawata masa da ƙarfi ba wanda zai ga laifinku. Amma ku tambayi kanku nawa ne a cikinsu suka fara ƙwanƙwasa ƙofarku kuka sallame su da a yi haƙuri.

In namiji ne kuwa yake kishi ban taɓa ji an buɗe masa Galatiyawa ba. Mutum zai karɓe wayar matarsa ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya yana kira ya ji muryar wa zai ɗauka, ta je kasuwa ya lissafa mata minti, ya hana ta zuwa koyon waƙa saboda mai koyar da kwaya namiji ne, ta gaisa da mai shago ya kwana yana tuhuma, 'yan'uwanta su zo ya ɗaure fuska har su daina zuwa, in albashinta ya fi nasa ko aka ƙara mata girma a wurin aiki sai ya ce ta ajiye aikin wai ta fara raina shi, kuma duk wannan bai taɓa kama ta da komai ba. Ranar da ta zo da kumburarren ido sai a ce mata 'yata ai ƙaunarki yake yi, namijin da ba ya kishin matarsa ai ba namiji ba ne, ki rage abun da yake ɓata masa rai. Haba iyayenmu. Waccan da hujja a hannunta kun ce aikin jiki ne, wannan da ba shi da komai sai zargi da tsoro kun ce ƙauna ce.

Kishin Saul ne wannan. Ku tuna abun da ya tayar da shi, ba cin amana ba ne, Dawuda bai yi masa komai ba sai alheri, ya kashe masa Goliyat ya fitar da shi kunya. Waƙa ce kawai mata suka yi a hanya suna kiɗa suna rawa, Saul ya kashe dubbai Dawuda dubun dubbai, shikenan hankalin sarki ya tashi. Nasarar ta Isra'ila ce kuma shi ne sarkin Isra'ila, amma lissafin da ya yi shi ne an ba wani fiye da ni, saura me in ba sarautar ba. Washegari ya jefi yaron da mashi yana tsaka da kaɗa masa garaya, kuma abun bai tsaya nan ba, ɗan cikinsa Jonatan ma sai da ya jefe shi da mashin, ya sa aka kashe firistoci 85 na Nob saboda an ba Dawuda gurasa, ya bar mulki yana bin mutum ɗaya kogo-kogo. Alhali wanda zai fi kowa asara in Dawuda ya yi sarki Jonatan ne, yarima mai jiran gado, amma shi ne ya tuɓe rigarsa ya haɗa da takobi da baka ya ba shi. Mijin da ci gaban matarsa yake hana shi barci a layin Saul yake, ba ruwansa da Afisawa 5:25 inda aka ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da kansa saboda ikkilisiya.

Da mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja a watan Afrilun 2022, 'yan'uwanta suka fito suka faɗi irin azabar da ta sha a gidan aure, kowane mumbari ya ɗauki zafi na ɗan lokaci, kowa yana cewa kar mace ta sake yin shiru. A 2025 kotu ta yanke wa mijin hukuncin kisa. To amma masu irin halin da ta shiga da ba wanda ya san sunansu suna nan a bencin mata kowace Lahadi, da hoda mai yawa a gefen ido. Ƙasar nan tana da doka tun 2015 da ta hana irin wannan cin zarafin, kuma ce wa mace ta tsira da ranta ta kai ƙara ba rashin bangaskiya ba ne.

Yanzu na zo kanku, ku gafarce ni. Ƙaramin fasto ya gama makarantar tauhidi aka turo shi, aka ba shi wa'azi Lahadi ɗaya, jama'a suka fito suna cewa kai yau mun ji Maganar Allah, matasa suka sa guntun bidiyon a WhatsApp. Daga ranar sai sanarwa da karanta sunayen masu baikon godiya, mumbari ya haramta gare shi, kafin shekara ta zagayo an rubuta rahoto wai yana da girman kai an yi masa canji zuwa wani ƙauyen da ko sabis babu. Ko kuma cocin da ke tsallaken titi ta shirya taron farkawa, sai a hau mumbari a ce duk wanda aka gani a can za a sa shi a horo, alhali Yesu ɗaya ake wa'azi, Littafi ɗaya, har waƙoƙin ma iri ɗaya muke rerawa. In an tambaya sai a ce muna kishin tumakin Allah ne, ba ma son satar tumaki. Ni dai na lura gwauruwar da ba ta da ko sisi in ta koma wata coci ba wanda yake bin ta gida, amma ranar da mai ba da babbar zakka ya yi fashin Lahadi biyu, Litinin da safe motar coci tana ƙofar gidansa.

Joshuwa ma ya taɓa yin irin wannan, kuma shi da kyakkyawar niyya ya yi. A Littafin Ƙidaya sura ta 11 Allah ya sa Ruhunsa a kan dattawa 70, sai Eldad da Medad da ba su je alfarwa ba suka fara annabci a can cikin zango. Wani saurayi ya sheƙo da gudu ya kawo ƙara, irin masu kawo ƙarar nan har yau ba su ƙare ba, Joshuwa ya ce shugabana Musa ka hana su. Musa ya tambaye shi, kishi kake yi saboda ni? Ya ce da ma dukan jama'ar Ubangiji annabawa ne. Kuma ba wai kujerarsa ba ta da masu hari ba fa, dan a sura ta gaba Maryamu da Haruna, 'yan'uwansa na jini, suka taso masa.

Amma wanda ya fi burge ni Yahaya Maibaftisma ne. Almajiransa suka zo da zafinsu a kan Yesu, Malam, mutumin nan da ka yi wa shaida a hayin Urdun ga shi can yana baftisma kuma kowa wajensa yake tafiya. Da a yau ne cewa za su yi Baba, coci tana watsewa, mambobi sun koma wajen yaron da kai ka gabatar. Yahaya ya ce amarya ta ango ce, shi abokin ango ne. Mu da muka tashi a ƙasar Hausa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Abokin ango shi yake zirga-zirga tun daga kai gaisuwa, shi ne raba kati, shi ne neman motocin ɗaukar amarya, shi ne ciniki da ƙawayen amarya wajen sayen baki, ya fi kowa gajiya ya fi kowa taɓa aljihunsa, kuma yana da kishi sosai, duk wani tsohon saurayin da ya nemi raɓar amaryar nan da shi zai fara haɗuwa. Amma in an kai amarya an yi addu'a an yi nasiha, sai ya tattara sauran abokai ya ce ku tashi mu tafi, ya ja musu ƙofa. Ranar da abokin ango ya fara jin haushi dan amarya ta fi sakin fuska da ango a kansa, kowa a unguwa ya san abun da yake damunsa, kuma ba wanda zai kira shi abota.

Irin kishin da Bulus ya ce yana yi wa Korantiyawa kenan a 2 Korantiyawa 11:2, ya kira shi kishi irin na Allah, kuma a cikin ayar ya faɗi dalili, ya ba da su ne ga miji ɗaya, Almasihu, yana so ya miƙa su gare shi da tsarki. Bai ce na tara ku dan kaina ba. A nan zan ba ku gaskiyarku, akwai lokacin da dole fasto ya tashi tsaye. Mutanen da Bulus yake faɗa da su a surar nan wani Yesu daban suke wa'azi, suna bautar da jama'a suna cinye musu dukiya har da mari a fuska, kuma irinsu sun cika gari yanzu, masu sayar da man shafawa da ruwan gora da hankici, masu ce wa mace uwar mijinta ce mayyar da ta hana ta haihuwa, masu ce wa mai ciwon suga ko mai shan maganin ƙanjamau ya zubar da magani an warkar da shi. In kun hana mu zuwa wajen waɗannan da hujja daga Littafi, kishi ne mai kyau kuma mun gode, wanda ya yi shiru a nan ma ɗan ƙodago ne ba makiyayi ba. Amma shi Bulus ɗin nan, da yake kurkuku wasu suna wa'azin Almasihu dan hassada da gasa kawai su ƙara masa baƙin ciki, rubuta wa Filibiyawa ya yi cewa to sai me, in dai Almasihu ake shela shi murna yake yi. Inda aka taɓa bishara ya yi faɗa, inda shi kaɗai aka taɓa ya ƙyale. A wurinmu sau da yawa akasin haka muke gani.

Mishan daban-daban ne suka kawo mana bishara, SIM da ta haifi cocin ECWA, SUM da ta fara a Wase a 1904, masu mishan ɗin da suka yi sujadarsu ta farko a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923 inda cocin EYN ta samo asali, amma da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932 kowa shi ya ɗauka, daga baya aka kafa tarayyar ikkilisiyoyi ta TEKAN, aka yi shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa da ba a tambayar ɗarikarka kafin ku fita wa'azi tare. Ko a 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi, 'yan'uwanmu na EYN suka bar hedkwatarsu ta Kwarhi jama'a suka watsu har Yola da Jos, wa ya tsaya tambayar katin mamba kafin ya shimfiɗa wa mutum tabarma? Sai an samu lafiya ne kowa yake tuna ƙirgen kawunan da ke bencinsa.

Akwai kuma wanda ake kira kishin addini, shi ma ku sa masa ido. Mun ga Kaduna a 2000, mun ga Jos a 2001 da abun da ya biyo baya, mun binne namu, ba wanda zai gaya mana zafin abun. Kare rai da iyali daban, ba shi nake nufi ba. Mai zuga matasa nake nufi, mai ce musu ba ku da kishi ba ku da zuciya, har su tare hanya su huce a kan direba ko mai tallan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yehu ya ce wa Yehonadab zo ka ga kishina domin Ubangiji, ya kashe mutane ba adadi ya rushe haikalin Ba'al, amma da ya zauna a gadon sarauta 'yan maruƙan zinariya na Betel da Dan, waɗanda tun asali dan riƙe mulki aka ƙera su, bai taɓa su ba, daga baya Allah ya ce zai nemi jinin da aka zubar a garin Yezreyel a hannun gidansa. Almajiran Yesu, Yakubu da ɗan'uwansa Yahaya, sun nemi izini su kira wuta ta cinye ƙauyen Samariyawa saboda an ƙi karɓar Yesu, ya juya ya tsawata musu suka wuce wani ƙauyen. Bulus da kansa ya ce kishi ne ya sa ya tsananta wa ikkilisiya a da. Yesu ya yi kishin Haikali har ya kifar da teburan 'yan canji, gaskiya ne, amma jinin da ya zuba a ƙarshe nasa ne ba na wani ba.

Mu mata ma ba mu tsira ba, kar wani ya ce na rufa wa namu asiri. Zaɓen shugabar Zumunta kaɗai ya isa ya sa mutum biyu su shekara ba sa gaisawa, wa za ta ba da waƙa, wa za ta buga tulu ranar babban taro, wa matar fasto ta fi ja a jiki. Yakubu 3:16 ya gama maganar, inda akwai kishi da sonkai nan hargitsi yake da kowane irin mugun aiki. Wannan namu ne za mu ji da shi a taronmu, amma zai fi mana sauƙi in muna ganin misali daga gaban coci.

Abun da nake roƙo ba mai yawa ba ne. In an kawo muku ƙarar aure, kafin ku ce wa wani ya daina kishi ku fara bincika ko akwai alkawarin da aka karya, in akwai ku fuskanci wanda ya karya shi ko da shi ya sayi janareton coci, horon da kuke yi wa yarinyar da ta yi ciki ba aure a gaban jama'a ya hau kansa shi ma. Kar a sake irin wannan zaman maza zalla, a kira mata biyu masu hankali daga Zumunta su zauna, kuma a ba matar kujera. A darasin masu shirin aure a gaya wa samari ƙarara cewa zargi da binciken waya da raba mace da danginta ba shugabancin gida ba ne, a kuma tambayi yarinyar ita kaɗai, ba a gabansa ba, ko ya taɓa ɗaga mata hannu tun suna neman aure. Sannan ku manyan fastoci, in za ku hana mu zuwa wani taro ku buɗe Littafi ku nuna mana inda koyarwar ta karkace, in babu ku bar mu mu je mu dawo mu ba ku labari. Ƙaramin faston nan kuma da jama'a suke son wa'azinsa, a sa sunansa a jadawalin wata mai zuwa.

Na san sakatarorin coci suna karanta irin wannan a waya, to Malam Sakatare dan Allah a sa maganar nan a ajandar mitin ɗin dattawa na gaba, a gaban maganar ginin katanga.

Taku cikin Almasihu,
wata uwa daga Zumuntar Mata